Yadda ake auna faifan kiɗan kilasika, musamman idan mawallafin baƙo ne

Tambaya: Malam, kimanin shekara biyu ke nan ina sauraron kiɗan kilasika na Turai, yanzu kuma ina so in fara rubuta sharhi a kan faya-fayen da nake ji. Abu biyu sun ɗaure mini kai. Tun da kiɗan a rubuce yake, kowa abu ɗaya yake bugawa, me masu sharhi suke aunawa har su ce faifan wane ya fi na wane? Sannan idan na ci karo da mawallafin da ban taɓa jin sunansa ba, kuma faifansa ɗaya ne tak a duniya, da me zan gwada shi?

Amsa: Ɗan'uwa, barka da himma. Tambayarka ta biyu ta fi ta farko nauyi nesa ba kusa ba, kuma a kanta na fi so in daɗe, sai dai ba a isa gare ta sai an ratsa ta farkon.

Ka ce kowa abu ɗaya yake bugawa. A takarda haka ne, amma kunne ba zai yarda ba. Dubi rubutacciyar waƙa irin ta malamanmu. Baitocin suna nan yadda mai su ya bari, ba wanda ya isa ya ƙara harafi, amma mutum biyu za su rera ta, ɗaya ya tsayar da kai cak a bakin hanya sai ya dire, ɗayan ko waiwaye ba za ka yi ba. Takardar kiɗan Turai ta fi haka ƙayyade abubuwa, don tana faɗin kowane sauti da tsawonsa da wanda zai busa shi ko ya goga shi. Duk da haka abin da ta yi shiru a kansa ba kaɗan ba ne. Za ta ce a yi sauri, ba za ta ce saurin ɗan aike ko na wanda aka biyo ba. Za ta ce a dakata a kan wannan sauti, ba ta ce daƙiƙa nawa ba. Idan mutum tamanin suna kiɗa a tare, ba ta cika faɗin muryar da za a turo gaba da wadda za a ja baya ba. A cikin wannan shirun makaɗi yake aikinsa, kuma nan mai sharhi yake kasa kunne.

Misalin da ke kashe gardama shi ne na Glenn Gould, ɗan Kanada mai piyano. A 1955, yana ɗan shekara 22, ya naɗi kiɗan Bach da ake kira Goldberg, wato kari guda da sauye-sauyensa 30, wanda aka wallafa a 1741. Ya gama cikin minti 38 da 'yan kai, bai maimaita ko sashe ɗaya ba. A 1981 ya koma kan kiɗan nan, wannan karon ya ci minti 51. Karin buɗewa da ya ratsa cikin ƙasa da minti biyu yana saurayi, yanzu ya haura minti uku yana tafe da shi kamar mai ɗauke da ƙwai. Shekara ta zagayo ya rasu. Ni na 1981 nake komawa gare shi, domin a can ya ɗaure sauye-sauyen da bugu guda, kowanne yana fita daga cikin na gabansa, har ka ji abin duka numfashi ɗaya ne. Amma na san abin da ya biya kafin ya sami haka: annashuwar nan ta 1955 ta tafi. Sharhin kirki ke nan, ka faɗi abin da makaɗi ya samu da abin da ya sadaukar don ya same shi. "Wannan ya fi daɗi" ba ta amfani mai karatu da komai.

Idan kana so ka horar da kunnenka, ɗauki simfoni ta 5 ta Beethoven (simfoni dogon kiɗa ne mai kashi-kashi na babbar ƙungiyar makaɗa), wadda aka fara kaɗawa a Biyana, babban birnin Ostiriya, a Disamban 1808. Tun 1913 Arthur Nikisch ya naɗe ta da makaɗan Barlin, daga nan zuwa yau an naɗe ta sau ɗaruruwa. Kada ka ce za ka gwada su daga farko har ƙarshe, za ka ruɗe. Zaɓi wuri uku. Na farko sautuka huɗun nan na buɗewa, da tsawon riƙon da madugu, wato mai jagorantar makaɗan, yake yi wa na huɗun kafin ya saki. Na biyu, can cikin kashi na farko, inda kowa ya yi tsit aka bar obo shi kaɗai yana kuka. Obo ɗan'uwan algaitarmu ne, bakinsu iri ɗaya, sai dai muryarsa ta fi laushi. Wani madugun yakan ba mai busar sarari ya yi maganarsa, wani yakan ja shi ya wuce. Na uku kuwa gadar da ta haɗa kashi na uku da na huɗu, inda tambari yake bugu ƙasa-ƙasa, masu goge suna lalube kamar a duhu, kafin ƙahonnin tagulla su fashe. Madugun da ya fara ɗaga murya da wuri ya ɓarar da abin tun kafin a iso. Saurari Carlos Kleiber da makaɗan Biyana a 1974, sannan Otto Klemperer da nauyinsa na giwa, sannan John Eliot Gardiner da ya yi amfani da kayan kiɗa irin na zamanin Beethoven, ya kuma bi alƙaluman gudun da Beethoven ɗin ya fitar da kansa a 1817. Beethoven ya sa wa kashi na farko bugu 108 a minti, gudun da manyan madugai da dama na tsakiyar ƙarni na 20 suka ƙi bi. Bayan ka ji waɗannan ukun ba za ka sake cewa abu ɗaya ake bugawa ba.

Akwai kuma mutum na uku a cikin kowane faifai wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato mai ɗaukar sauti. Kafin 1925 a bakin wani babban ƙaho ake taruwa a yi kiɗa, ba makirfo. Faifan garmaho na da minti huɗu da ɗoriya yake ci a fuska ɗaya, don haka simfoni a gutsuttsure ake naɗar ta. Dogon faifai ya zo a 1948, sauti mai hagu da dama ya shiga kasuwa a 1958, faifan CD a 1982. Saboda haka kada ka ɗora wa makaɗi laifin na'urar zamaninsa, kuma kada kyan sauti ya rufe maka ido daga kiɗa marar rai. Abin da za ka lura da shi a nan mai sauƙi ne: ko an matso da makirfo har kana jin numfashin mai busa amma ba ka jin ɗakin, ko an ja shi nesa har komai ya cakuɗe, ko an kumbura mai piyano ya fi sauran mutum saba'in girma. Wani abin da ke ruɗa sababbin shiga shi ne saitin sauti. Yawancin makaɗan yau suna ɗaure tsirkiyarsu a kusa da girgiza 440 a daƙiƙa, masu kayan da kuwa sukan sauko zuwa 415 idan suna kiɗan zamanin Bach. Ba kuskure suka yi ba. Kuma don Allah kada ka yanke hukunci da lasifikar waya. Wannan kiɗa yana tashi daga raɗa ya kai tsawa, waya kuwa tana cinye raɗar, ta murƙushe tsawar, ta haɗiye manyan goge masu kauri gaba ɗaya. Nemi abin saƙalawa a kunne mai ɗan kyau, ka jira dare ya yi, unguwa ta kashe janareto.

To, mu zo ga inda gizo ke saƙar.

Idan kana sharhin simfoni ta 5, Beethoven ba ya gaban alƙali. An daɗe da gama shari'arsa, madugu kaɗai ake tuhuma. Idan faifan ya yi lami kowa ya san laifin wane ne. Amma ranar da ka saka faifan wanda ba ka sani ba, mutum biyu ne suke tsaye a gabanka cikin riga ɗaya, mawallafi da makaɗi, kuma mawallafin ba shi da baki sai na makaɗin. Idan ka gaji a minti na goma, wa ya gajiyar da kai? Yawancin masu sharhi, ba tare da sun lura ba, mamacin suke ɗora wa laifi, tun da ba ya nan balle ya kare kansa. Su rubuta cewa lallai ba banza aka manta da shi ba. Jumlar nan guda tana iya mayar da mutum kabari na wasu shekaru talatin, don ba kamfanin da zai sake kashe kuɗi a kansa.

Na taɓa aikata wannan, kuma har yau yana damuna. Farkon jina da simfoni ta 3 ta Louise Farrenc, Bafaranshiyar da ta rayu daga 1804 zuwa 1875, a wani tsohon naɗi ne na wata ƙungiya da alama ba ta sami lokacin gwaji ba. Suna tafe a ɗarare, masu goge da yawa sun danne masu busa. Na ce wa ɗalibaina kiɗa ne mai ladabi amma ba shi da ƙashin baya. Da na ji ta daga baya a hannun Laurence Equilbey da ƙungiyarta ta Insula, da kayan kiɗa irin na lokacin, sai na tarar da wata simfoni dabam. Ashe ƙarfin matar nan a wurin masu busa yake: obo ne ke buɗe ƙofa, kilarinet ke riƙe da kashi na biyu, kashi na uku kuwa gudu ne mara tsayawa wanda idan aka rage masa wuta ya mutu. Wannan mata ta shekara 30 tana koyar da piyano a babbar makarantar kiɗa ta Faris tun daga 1842, kuma sai bayan nasarar kiɗanta na mutum tara a 1850 aka daidaita albashinta da na maza. Ni kuma na zo na ƙara mata wani zaluncin da sauraro ɗaya.

Daga nan na sa wa kaina ƙa'ida. Ba na rubuta kalma a kan baƙon kiɗa sai na ji shi sau uku aƙalla, ba a rana ɗaya ba. Jin farko ba na karanta ɗan littafin da ke cikin faifan, don kada labari ya riga kiɗa shiga kunnena. Kafin ji na biyu nakan karanta, in kuma nemi takardar kiɗan. Dubban tsofaffin takardu suna nan kyauta a rumbun IMSLP na intanet. Ko ba ka ƙware da karatunta ba, za ka iya ganin inda aka ce a sassauta amma makaɗa suka yi ta rafka, ko inda aka ce a yi sauri suka ja ƙafa. A ji na uku nake tambayar kaina abin da ya rage mini a kai. Akwai alamun da ke raba laifin biyu. Idan karin yana da kyau amma ba ya tashi, idan masu goge suna shiga ba a tare ba, idan duk wurin wuya sai an rage gudu, wannan makaɗa ne. Idan kuwa makaɗa suna yi da gaske amma kiɗan ya faɗi maganarsa a minti biyu ya ci gaba da nanata ta har minti goma sha biyar, ko gadojinsa duk cikon wuri ne, wannan mawallafi ne. Wani lokaci ba za ka iya rabewa ba. A nan sai ka bayyana abin da kunnenka ya ji, ka bar wa mawallafin ƙofa a buɗe.

Labarin Hans Rott ya kamata duk mai son wannan aiki ya san shi. An haife shi a Biyana a 1858, ɗalibin Bruckner ne a kiɗan ogan, abokin karatun Mahler, wanda daga baya ya shahara a rubuta simfoni. Ya kammala simfoninsa a 1880 yana da shekara 22, ya kai wa Brahms, babban mawallafin zamanin, Brahms ya watsa masa ƙasa a ido. A cikin shekarar hankalinsa ya gushe yana cikin jirgin ƙasa, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, can ya rasu a 1884 bai cika 26 ba. Takardar ta kwanta fiye da shekara ɗari ba wanda ya kaɗa ta. Sai a 1989 Gerhard Samuel ya fara kaɗa ta a Cincinnati ta Amurka da ƙungiyar ɗaliban makarantar kiɗa, kamfanin Hyperion ya fitar da faifan. Duk wanda ya ji kashi na uku sai ya riƙe baki, domin ga Mahler nan ƙuru-ƙuru, alhali simfonin Mahler ta farko ba ta kammalu ba sai 1888. Ɗaliban nan sun yi abin a yaba, su suka tono ta. Amma sai da Leif Segerstam da Paavo Järvi suka biyo baya, sannan Jakub Hrůša da makaɗan Bamberg a 2022, aka ji iyakar faɗinta, aka kuma iya ganin wane aibi nata ne na kanta. Tana da su kuwa. Rott ya ƙaunaci ɗan ƙarfen nan mai kusurwa uku, yana kaɗa shi ba ji ba gani har ya gundure ka, kashi na ƙarshe kuma ya yi ta hawa ƙololuwa yana sauka yana sake hawa, bai san inda zai dire ba. Hannun yaro ne, amma kan da ke bisa hannun ba na yaro ba ne. Ka faɗi duka biyun. Wanda ya ɓoye aibin Rott don tausayin ƙarshensa bai girmama shi ba.

Wannan tausayin shi ne rami na biyu, kuma a yau ya fi na farko cin mutane. Labari mai taɓa zuciya yana toshe kunne. A shekarun farko na wannan ƙarni faya-faye sama da 100 suka fito da sunan Joyce Hatto, wata dattijuwa 'yar Ingila mai piyano da ta daɗe ba ta fito fili ba saboda ciwon daji. Manyan masu sharhi suka yi ta zuba yabo. Ta rasu a 2006. A Fabrairun 2007 mujallar Gramophone, wadda ke sharhin faya-faye tun 1923 kuma sunanta shi ne garmahon nan namu, ta fallasa cewa naɗin wasu ne aka kwafa aka liƙa wa sunanta. Asirin ya fara tonuwa ne da wani ya saka faifanta na Liszt a kwamfuta, kwamfutar ta nuna sunan László Simon na kamfanin BIS. Mijinta, wanda shi ke da kamfanin da ya fitar da faya-fayen, ya amsa laifi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawancin masu naɗin na asali ba su taɓa samun rabin wannan yabo da sunayensu ba. Sauti ɗaya ne, labarin ne ya bambanta. Shi ya sa nake jin kiɗa kafin in karanta tarihin mai shi.

Gwada wannan a kan Florence Price, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1887 ta rasu a 1953. A 1933 makaɗan Shikago ƙarƙashin Frederick Stock suka kaɗa simfoninta ta farko, karon farko ke nan da wata babbar ƙungiya a Amurka ta kaɗa simfonin mace baƙar fata. Bayan rasuwarta aka yi watsi da ita, har a 2009 aka tsinci tarin takardunta a wani kangon gida a St. Anne ta jihar Illinois, ciki har da simfoni ta 4. John Jeter da makaɗan Fort Smith suka naɗi ta 1 da ta 4 a kamfanin Naxos, sannan Yannick Nézet-Séguin da makaɗan Philadelphia suka naɗi ta 1 da ta 3, faifan da ya ci kyautar Grammy a 2022. An zalunce ta, wannan ba gardama. Amma mai sharhin da ya tsaya a nan bai yi aikinsa ba. Simfoni ta 1 tana jingine sosai da simfonin Dvořák ta 9 ta 1893, kuma kashinta na farko ya fi kayan cikinsa tsawo. Kashi na biyu, inda ƙahonni ke rera abu kamar waƙar coci ganga tana amsa musu a hankali, nata ne ita kaɗai, haka Juba, tsohuwar rawar baƙaƙen Amurka, ta kashi na uku. Ta 3 ta fi ta 1 ƙarfin hali, a can ta daina neman izinin kowa. Wanda ya gaya wa mai karatu haka ya ɗauke ta a matsayin mawallafiya. Wanda ya ce komai nata zinariya ne ya mayar da ita abar tausayi, kuma mai sauraron da ya je bai tarar da zinariya ko'ina ba, ba zai sake yarda da shi ba.

Wani ramin kuma shi ne na kamance. Kunne idan ya haɗu da baƙo sai ya nemi wanda ya sani, ya ce ai wannan wane ne ƙarami. Kamance yana da amfani don nuna wa mai karatu unguwar da kiɗan yake, amma idan ka tsaya a kansa ka yi sata. An shekara da shekaru ana kiran Mieczysław Weinberg inuwar Shostakovich, shahararren mawallafin Tarayyar Sobiyet. Weinberg Bayahude ne ɗan Warso, an haife shi a 1919, ya tsere wa sojojin Hitila a 1939 zuwa Tarayyar Sobiyet, iyayensa da ƙanwarsa suka halaka a sansanin Trawniki. A 1953 aka kama shi a Mosko, mutuwar Stalin ce ta fitar da shi. Ya bar simfoni 22 da kiɗan goge na mutum huɗu guda 17, ya rasu a 1996 kusan ba wanda ya damu. Abokin Shostakovich ne na ƙut da ƙut, suna nuna wa juna aiki, don haka kamar tana nan, kuma ba ta gefe ɗaya take kwarara ba. Sai da ƙungiyar Danel ta naɗe duka 17 ɗin a kamfanin cpo, aka kuma nuna wasansa na opera a Bregenz a 2010, kunnuwa suka fara rabewa. Inda Shostakovich ke cizo da gatse, Weinberg yakan rera ne, da karin Yahudawan Folan, kuma kiɗansa yakan ƙare a hankali kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Nemi simfoninsa ta 21, wadda ya sadaukar ga waɗanda aka kashe a unguwar Yahudawa ta Warso, a naɗin Mirga Gražinytė-Tyla da makaɗan Birmingham da Gidon Kremer na 2019. Kusa da ƙarshe wata murya ta mace takan shigo ba kalmomi, kuma madugar ce da kanta ta rera. Idan kana bincike ka gwada rubutun Vainberg, da shi tsofaffin faya-faye suka san shi.

Kada ka ɗauka ina cewa duk abin da aka manta lu'ulu'u ne. Kamfanoni irin su Naxos da Klaus Heymann ya kafa a 1987, da cpo na Jamus, da Chandos, da BIS, da Toccata Classics sun tono dubban ayyuka, Allah ya saka musu. Hyperion ta fara jerin kiɗan piyano da okestira na ƙarni na 19 a 1991, ya haura faifai 80. Na saurari da yawa daga ciki, kuma galibinsu kiɗa ne mai daɗi na ƙwararrun masu sana'a, ka ji sau ɗaya ka gode. Tambarin "naɗi na farko a duniya" ba shaidar inganci ba ne. Sai dai wani lokaci rashin tayi ne ke sa a bar arha. Kiɗan celo (babban goge) na Bach darasin ɗalibai aka ɗauke shi kafin Pablo Casals ya naɗe shi tsakanin 1936 da 1939. Simfoni ta 3 ta Górecki tun 1976 aka rubuta ta, an ma naɗe ta a Folan, amma sai naɗin David Zinman da Dawn Upshaw na 1992 ya sayar da fiye da miliyan ɗaya. Bashin da mai karatu ke binka shi ne ka gaya masa a fili wane iri ne ke hannunka: na ji sau ɗaya, ko na zama da shi, ko wanda ke jiran makaɗan da za su fi waɗannan. Kuma ka ba shi minti da daƙiƙar wurin da kake magana a kai, ya je ya ji da kunnensa ya ƙaryata ka idan ya ga dama.

Akwai fagen da kai ka fi mai sharhin Landan kunne, kuma zan so ka shige shi. 'Yan Najeriya sun rubuta irin wannan kiɗa. Fela Sowande, haifaffen Abekuta a 1905, ya yi zaman Landan yana kiɗan jaz da ogan na coci, ya rubuta African Suite a 1944 don masu goge, kashi biyar, ya ari wasu karin daga Ephraim Amu na Gana. Ya rasu a Amurka a 1987. Kashi na ƙarshe, Akinla, hailaif ne sanye da kwat, har wani shirin rediyon Kanada ya shekara da shekaru yana buɗewa da shi. Ayo Bankole kuwa a Jos aka haife shi a 1935, ya yi karatu a Landan da Kambirij, aka kashe shi a Legas a 1976 yana da shekara 41. Rebeca Omordia, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne mahaifiyarta 'yar Romaniya, ta naɗi sonatarsa ta piyano ta 2 a faifanta Ekele na 2018. Ga Akin Euba da Joshua Uzoigwe da suka nemi su sa piyano ya yi magana irin ta ganga.

Baturen da ke sharhin Akinla zai duba ko masu goge sun shiga a tare, ko sautinsu ya yi santsi, kuma zai ba da maki a kan haka. Kai kuwa da ka tashi kana jin kalangu yana faɗin magana, kana jin bugu biyu da bugu uku suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a kowane gidan biki, za ka gane nan take ko makaɗan suna rawa da kiɗan ko ƙirga shi suke yi. Za su iya buga kowane sauti daidai da takarda amma nauyin ya faɗa inda ba nan yake ba, kiɗan ya miƙe sambal kamar faretin soja. Mai sauraron da bai san asalin ba zai ce Sowande ne bai iya ba. Naɗin waɗannan ayyuka kaɗan ne ƙwarai, wasu ɗaya tak, wasu har yanzu suna takarda. Fara da Akinla: nemi naɗin Mario Bernardi da makaɗan rediyon Kanada na Vancouver, ka haɗa da duk wani da ka samu, ka ji kowanne sau uku, ka rubuta mini shafi ɗaya a kan inda kowace ƙungiya ta ajiye nauyin bugun.